Goggo Binta da Teburin da Ya Daskare a Kano

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Goggo Binta, yayar mahaifina, kuma har yau in na ga garin kwaki sai dariya ta riga addu'a fitowa daga bakina. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Da na ce zan rubuta wani abu a kanta, Umma ta ja min kunne: in yi da natsuwa, in rage ƙarin gishiri. Na yi alkawarin ragewa. Ban yi alkawarin dainawa ba, don ita kanta marigayiyar ba ta taɓa ba da labari lami ba.

Goggo mai haɗa magunguna ce a wani asibiti a nan Doha. Mu muna Nu'aija, ita tana Abu Hamour, kusa da kasuwar kayan lambu, a wani gida da ƙamshin daddawa ke tarbar baƙo tun daga matakala. In ka tambayi Hausawan garin nan, daga likita har mai gadi, mece ce sana'ar Hajiya Binta, da wuya wani ya ambaci magani. Cewa za su yi: saƙo.

Bari in yi bayani saboda wanda bai taɓa zama nesa da gida ba. Doha akwai komai. Akwai shinkafar da ban iya faɗin sunanta ba, akwai citta da kanumfari da masoro, gero ma yana nan a shagunan Indiyawa. Abin da babu shi ne daddawa, kuka, kanwa, kimba, ƙuli-ƙuli da 'yan uwansu. Su sai an ɗauko daga gida. Saboda haka duk Bahaushen da zai je hutu, jakarsa ba tasa ba ce shi kaɗai, ta jama'a ce. Kafin Goggo ta shiga maganar, mutum kan ɓoye ranar tafiyarsa kamar wanda ya yi laifi. An ce akwai injiniyan da aka yi wa lodin saƙo har sai da ya bar takalmansa a filin jirgin Kano, ya sauka Doha da silifas, rungume da buhun busasshiyar kuɓewa.

Goggo ta ce wannan rashin tsari ne, kuma ita rashin tsari na sa ta ciwon kai. Ta buɗe manhajar lissafi a kwamfutarta, irin mai layi-layi da akwati-akwati ɗin nan, ta sanar cewa daga yau duk mai son saƙo ita zai gaya wa. Kowace buƙata layi ɗaya: gidan wa, wane kaya, kilo nawa. Jerin ya yi tsawon da in aka buga shi a takarda zai isa a naɗa wa raƙumi rawani. Daga nan ta fito da babban makaminta, wani abu da ake kira fibot. Tebur ne da ke haɗiye dogon jerin nan ya taƙaita shi a 'yan layuka: daddawa kilo kaza, kuka kilo kaza, na kowa a haɗe. Kana iya juya shi ya nuna maka gida-gida, ko wata-wata, yadda ka ga dama. Goggo tana son fibot fiye da yadda take son wasu daga cikin danginmu, kuma ta sha faɗa a gabansu.

Wannan taƙaitaccen tebur take aika wa Baffa Lawal ta imel. Shi ne babban yayansu, ɗan kasuwa ne a Kano, yana da shago da wata kwamfuta da ta girme ni, wadda in aka kunna ta sai ta yi nishi kamar tsohuwar da aka tasa daga barcin rana. Shi ke shiga kasuwa ya sayo, ya auna, ya cika jakar matafiyi. Tun da aka gano wasu matan na zagayawa ta baya suna kiransa su ƙara kilo, Goggo ta kafa masa doka: "Yaya Lawal, abin da ka gani a tebur shi za ka saya. Kada ka saurari kowa, kada ka kira ni." Dogon jerin ma ta ɓoye shi a cikin fayil ɗin, don kada ya ruɗe. Shekaru aka yi haka lafiya lau, domin manhajarta da tasa sa'o'in juna ne.

Sai Goggo ta sayi sabuwar laftof.

Ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin, kuma ban taɓa ganin babba ya yi murna da abu haka ba. Sabuwar manhajar ta zo da wasu maballai shuɗaye da ake jerawa a gefen tebur. Ta rushe tsohon teburin, ta gina sabo fil, kowane gida da maballinsa. Ka danna gidanmu, teburin ya ƙifta ya nuna namu kaɗai. Ka danna gidan wani likita, a ga asirin yawan kilishin da yake ci. Duk baƙon da ya shigo, kafin a ba shi ruwa sai ya danna maballi. Wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda ko Hausa ba ya ji, sai da ya danna kafin ya fita.

A daidai wannan lokaci ne maganar Anti Sadiya ta taso. Anti Sadiya ma'aikaciyar jinya ce, matar wani matashin injiniya, maƙwabciyarmu, kuma ita ke yi min kitso, wanda ya sa nake ɗaukar lamarinta da muhimmanci na musamman. Tana da cikin fari, ya tsufa, likita ya hana ta hawa jirgi. An nema wa mahaifiyarta biza ta zo ta kula da ita, bizar ta ƙi fitowa. Tsohuwar ta tayar da hankali daga Kano: 'yarta za ta haihu a ƙasar da ba mai dama mata kunu. Ta yanke hukunci cewa da an yi suna, an sami fasfon jariri, a sa mata 'yarta a jirgi, kuma ba za ta dawo ba sai an yaye. Wannan na nufin Anti Sadiya ta ajiye aikin da ta sha wahalar samu, ta bar mijinta shi da tukunyar taliya. Ba ta son tafiya, ba ta kuma iya yi wa uwa musu. Kuka kawai take yi.

Wata rana tsohuwar ta kira, Goggo ta karɓi wayar a gabana. Ta ce: "Hajiya, ni Binta, ni ce uwarta a nan. Ranar suna za ta sha kunun kanwa, za ta ci miyar daddawa da yajin jego, za ki gani da idonki. In ba ta sha ba, ni da kaina zan kai ta filin jirgi." Tsohuwar ta ce ta ji, ta kuma riƙe. Goggo ta ajiye waya, ta buɗe laftof, ta rubuta kanwa da kimba da daddawa da sunan gidan Anti Sadiya.

Mai tafiya hutu a wannan karon Malam Isiyaku ne, direba, wanda ke zaune da wasu samari masu gadi da direbobi a wani tsohon gida a Al Asmakh. Da ƙyar kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya sake shi, kuma ya ba Goggo jakunkunansa biyu gaba ɗaya, don shi rigarsa da hularsa sun ishe shi. Ya zo sallama, Goggo ta zaunar da shi, ta ce ya danna maballin Al Asmakh ya ga abin da 'yan ɗakinsu suka nema. Ya danna da ɗan yatsa ɗaya. Teburin ya nuna abu uku: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji. Abincin gwauraye. Aka yi dariya, ya tafi. Goggo ta adana fayil ɗin a tsohon tsari don kwamfutar Baffa ta iya buɗewa. Wani akwatin gargaɗi ya fito cike da Turanci. Matar da ke karanta takardar cikin kwalin magani har ta baya, matar da ta taɓa karanta min bayanin jikin kwalbar man shafawa da ƙarfi, ta danna "ci gaba" ba tare da ta karanta kalma ɗaya ba. Ta aika.

Anti Sadiya ta haifi mace, kyakkyawa, mai ihu kamar jiniya. Malam Isiyaku ya sauka ana jibi suna. Da hantsi matan unguwa suka cika falon Goggo, kowa da ledarta da robarta, ana hira ana leƙen jakunkunan nan biyu da aka naɗe da leda kamar amare. Goggo ta sa almakashi, ta ja zif ɗin ta farko tana murmushin wadda ta gama aikinta tun tuni.

Garin kwaki.

Ta ɗaga ƙullin sama, garin kwaki. Ta zura hannu har gwiwar hannu, garin kwaki. Ta buɗe jaka ta biyu: rabi ƙuli-ƙuli, rabi yajin barkono irin na samari, wanda da ledar ta ɗan fashe sai falon gaba ɗaya ya ɗauki atishawa. Matan likitoci da matan malaman jami'a, da gwala-gwalansu, suna atishawa suna hawaye suna tambayar ina daddawarsu. Garin da ke cikin jakar nan, in aka jiƙa shi, zai cike tekun da ke bakin garin nan har a taka a ƙafa. Malam Isiyaku ya maƙale a jikin ƙofa yana ta rantsuwa cewa yadda aka ba shi haka ya kawo.

Goggo ta karya dokarta, ta kira Kano, ta saki muryar don kowa ya ji.

"Yaya Lawal, me ka yi min?"

"Wa alaikumus salam, Binta. Mun tashi lafiya, tunda kin tambaya."

"Ina daddawa? Ina kuka? Ina kanwar mai jego?"

"Wace kanwa? Abu uku na gani. Har na ce wa mai ɗakina, Allah sarki, mutanen Doha an shiga wani hali, kowa ya koma jiƙa gari."

"Ai sai ka danna maballin gefe ka saki Al Asmakh! Shuɗaye, ga su nan a hannun dama!"

"Binta, a hannun damana babu komai sai kofin shayi."

"To ka sabunta teburin mana!"

"Na gwada. Wurin dannawar ya yi fari fat, ko gezau. Na ja, na tura, na kashe, na kunna, har yaron shago ya hura masa iska ta baya. Teburin nan naki ya daskare."

"Me ya hana ka kira ni?"

"Wa ya ce kada in kira?"

Goggo ta haɗiye wannan, ta sake yunƙurowa: abin da samarin suka nema ai bai kai rabin jaka ba, ta yaya ya zama jaka biyu? Baffa ya ce: "Kin taɓa ganin ɗan kasuwa ya bar jaka ta hau jirgi da yunwa? Ban ƙara miki ko kala ɗaya ba. Yawa kawai na ƙara."

Daga baya muka fahimci abin da akwatin gargaɗin ya yi ta ƙoƙarin faɗa. Teburin da aka gina a sabuwar manhaja, tsohuwa tana iya nuna shi amma ba ta iya motsa shi. Maballan kuwa ba ta ma san da irinsu a duniya ba, sai ta yar da su. Amma dannawar ƙarshe da aka yi tana nan daram. Goggo ta aika wa yayanta ɗaki a kulle, mukullin ya ɓace a hanya, ta ramin ƙofa kawai yake hango abincin gwauraye.

Matan suka watse suna gunaguni. Babu wani matafiyi a hanya. Ga suna jibi, ga tsohuwa a Kano tana jiran ganin kunu. Na kalli Goggo, a karon farko na ga ta zauna hannu biyu a kan cinya ba ta danna komai. Na fara tunanin wa zai riƙa yi min kitso. Wallahi na tausaya wa Anti Sadiya ma, amma gaskiya kitson ne ya fara zuwa.

Zaman bai daɗe ba. Ta miƙe kamar an tsikare ta, ta jawo laftof, ta ce: "Kulu, zo ki gani. Abin da ya kashe mu shi zai tashe mu." Sunana Hauwa, ita kaɗai ke ce min Kulu. Ta kama teburin ta juya shi: gidaje a tsaye, watanni a kwance, ta zaɓi kanwa kaɗai. Nan take ya fito da duk gidan da ya taɓa karɓar kanwa a Doha tun da aka fara saƙo. Gida uku ne. Ta ɗauki mukullin mota. "Yalla, mu je! Ɗauko garin nan, duk wanda ya yi mana ƙorafi mu toshe masa baki da shi."

Tuƙin Goggo a ranar da take cikin natsuwa ma abin a yi wasiyya ne. A ranar kuwa mun zagaya wani shataletale har na fara gane fuskokin mutanen da ke tsaye a gefe. Ina kujerar gaba, laftof a cinya, ƙuli-ƙuli a baki, ina jin kaina kamar 'yar sandan ciki. Gida na farko sun cinye tasu a dafa wake. Muka bar musu gari. Gida na biyu sun tafi umara, ƙofa a kulle. Muka bar wa maƙwabcinsu gari, bai san ko mene ne ba, ya yi godiya.

Saura gidan Hajiya Turai.

Hajiya Turai ta fi kowa daɗewa a garin nan, kuma ɗakin ajiyarta ya fi banki tsaro. An ce akwai kukar da ta shigo da ita tun kafin a gina rabin benayen Doha. Teburin ya nuna ta karɓi kanwa har sau biyu, ga kimba, ga daddawa, alhali daga ita sai maigidanta a gidan. Tana cikin matan da suka yi atishawa da safe, don haka ta tarbe mu da fuska a murtuke. Goggo ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo mu. Hajiya Turai ta ce: "Kanwa? Ayya. Ta ƙare tuntuni. Ko ta lasa babu. Khalas, shi ke nan."

Na ɗaga murfin laftof. Ga hujja a hannuna, ga wata, ga kilo. Jira nake Goggo ta ce "Kulu, nuna mata." Sai na ji hannunta a kan nawa, ta mayar da murfin ta rufe a hankali. Ta gyara zama, ta yi magana da wata murya da ban san tana da ita ba: "Turai, ke a nan kika haifi babban ɗanki, lokacin ko Bahaushiya ɗaya babu a unguwarku. Wa ya dama miki kunu?"

Hajiya Turai ta kalli bango. Ta ce: "Babu. Shayi na sha da biskit, ina kuka, har na yi arba'in." Ta tashi ta shige ciki. Muka ji ana jan akwati, ana buɗe kwaɗo, wani abu ya faɗo, ta yi salati. Ta fito da gwangwanin madara, a cikinsa safa, a cikin safar ƙullin leda, a cikin ledar kanwa ungurnu mai kyau. Ta koma ta fito da kimba, ta koma ta fito da daddawa. Sannan ta yafa mayafi ta ce: "Mu je. Ba zan ba ki kanwata ki ɓata ba, Binta. Ke magani kika iya haɗawa. Kunu sai mu."

Safiyar suna, kicin ɗin Anti Sadiya ya zama filin daga. Hajiya Turai na son zuba kanwa irin ta mutanen da, Goggo ta tsaya a kanta da ƙaramin cokali tana cewa kanwa in ta yi yawa illa ce ga mai jego, kaɗan za a sa, don ɗanɗano da kewar gida. "Wannan ai ko kaza ba za ta ji ba!" "Kaza ba ta da hawan jini, Turai!" Duk tseren da muka sha, duk shataletalen da muka zagaya, abin da ya shiga tukunya bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba.

Aka kira Kano ta bidiyo. Fuskar tsohuwar ta cika allon, hanci a gaba. Ba ta nemi ganin jaririya ba, ba ta nemi ganin suruki ba. Ta ce a ɗaga mata ludayi. Hajiya Turai ta ɗebo ta tsiyayar daga sama, kunun na zuba da kauri, launinsa ya juya yadda kanwa ke juya shi. Tsohuwar ta ce a ba Sadiya. Anti Sadiya ta kurɓa, ta rufe ido, hawaye suka zubo mata cikin kwanon. Uwar ta ce: "Ya yi?" Ta ce: "Inna, kamar naki." Tsohuwar ta ɗan ɓata rai, don ba ta so ya kai nata ba. Ta nemi ganin yaji, aka nuna. Ta nemi ganin miya, aka nuna. Sannan ta ce: "To. Ta zauna. Amma kullum a turo min hoton yarinyar nan." Goggo ta saki guɗar da ta sa jaririyar ta amsa da tata jiniyar.

Baƙin suna kuwa sun ci shinkafa da rago, amma abin da aka yi wawaso a kansa kwaɗon garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli, cikin manyan farantai. Na ga wani babban likitan tiyata ya naɗe hannun riga yana siɗe yatsa. Samarin Al Asmakh suka kwashe ragowar, an ce sun yi wata da watanni ba su ɗora tukunya ba. Sunan yarinyar A'isha. Ni 'Yar Kwaki nake ce mata, kuma tana amsawa.

Goggo ba ta bar maganar a nan ba. Ta je ɗakin tarkacen Abba ta zaƙulo wata tsohuwar laftof mai nauyin turmi, mai irin manhajar Baffa, ta raɗa mata suna Yaya Lawal. Ta yi ta gwaji har ta gano cewa adana fayil a tsohon tsari bayan an gama gini ba ya warkar da komai. Dole tun farko a buɗe shi a tsohon tsari, a gina teburin a can, sannan zai yi motsi a Kano. Wannan na nufin rabuwa da maballanta shuɗaye. Ta yi musu kallon ƙarshe, ta ja tsaki, ta goge su. Daga ranar, ba ta sake aika komai ba sai ta buɗe shi a kan Yaya Lawal ta duba layi-layi. In na yi mata dariya sai ta ce: "Kulu, abin da kika gani a nan ba shi ne saƙo ba. Abin da ya isa can shi ne saƙo." Dokar hana kira ma ta juya ta: dole Baffa ya kira ya karanto mata layin farko kafin ya taka kasuwa.

Shekara ɗaya da wani abu bayan nan ciwo ya kama ta. Bai daɗe ba. An kai ta Kano, a can ta cika, a can aka binne ta. Ranar da labarin ya iso, falon Abu Hamour ya cika fiye da ranar jakunkuna, kuma samarin Al Asmakh ne suka fara zuwa, wasu da kayan aiki a jikinsu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu jerin saƙo a intanet yake, kowa na shiga ta wayarsa ya rubuta nasa, wasu su ƙara kilo in sun ga ba a kallo. An buɗe 'yan shagunan da ke kawo kayan gida, har da daddawa a kwalba mai tambari. Na san za ta buɗe kwalbar ta sansana, ta mayar, ta ce wannan daddawar ta yi boko. Na san za ta haukace da son sabon tsarin na mako guda, ta sa mai gadin gidan ya danna. Na kuma san a mako na biyu za ta ɗaga kai ta tambaya: "Shi Yaya Lawal me yake gani?" Domin har gobe Baffa na nan da kwamfutarsa mai nishi. 'Ya'yansa sun saya masa sabuwa, ya ɗora buhun sukari a kai.

Bara da muka je hutu na zauna a shagonsa ina tsokanarsa a kan haka. Ya kunna tsohuwar, muka jira ta gama nishinta, ya buɗe wani fayil. Layi uku: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji. Na danna, bai motsa ba. Ya ce: "Kayanta an raba, gidan da ta zauna wasu ne a ciki. Wannan ne kaɗai yana nan yadda hannunta ya bar shi. An ce min in na buɗe shi a sabuwa zai warke. Ni ba na so ya warke." Na daina tsokanar. Wannan bai cika faruwa da ni ba.

In aka auna abin da ya rage na Goggo, a ma'aunin da ita ma za ta yarda da shi, ga abin da na samu. Anti Sadiya tana nan, ba ta tafi ba, yanzu ita ce babba a sashenta, kuma har yau ita ke yi min kitso, tana ja kamar mai bin bashin gaba. 'Yar Kwaki ta shiga makaranta. Hajiya Turai ta rage kwaɗo ɗaya a ɗakin ajiya. Tsohuwar laftof tana ɗakina, ni da Anti Sadiya muke riƙe da saƙo, kuma duk abin da mutane suka rubuta ta waya sai na kwashe shi na gina teburin Baffa a tsohon tsari, babu maballi ko ɗaya, duk da yatsana na ƙaiƙayi.

Watan jiya matar wani sabon malamin jami'a ta kusa haihuwa, bizar mahaifiyarta ta maƙale. Ina zaune uwar ta kira, Anti Sadiya ta karɓi wayar ta ce: "Hajiya, ni ce uwarta a nan." Na gina teburin, na buɗe shi a kan Yaya Lawal, na duba sau biyu, na aika. Washegari waya ta yi ƙara, lambar Kano.

"Kulu," in ji Baffa. Bai taɓa kirana da sunan nan ba sai ranar. "Teburin yana motsi. Layin farko, kanwa."

Na ce: "Baffa, a shiga kasuwa. Amma don Allah, in jaka ta rage, a bar ta ta hau jirgi da yunwarta."